Abin da Na Gani a Gindin Akushi

Sana'ata gyaran keke ce, rumfata tana bakin kasuwar Karaye. Rairayar zinariya kuwa abin sha'awa ce kawai a wurina, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru, wani ke zuwa fatsa. Wajen kawuna na koya, wanda ya yi aikin kuza a Riruwai yana saurayi. Idan ruwa ya janye bayan kaka, ranar da ba kasuwa, sai in ɗaure akushi a bayan keke in gangara wani rafi da ke bayan Kafin Dafga. In zauna a kan dutse, ƙafafuna cikin ruwa, in ɗebi yashi in yi ta juyawa har farin ya tafi, baƙin ya rage. Wata rana a gindin baƙin sai ka ga ɗigo ɗaya ko biyu suna ƙyalli. Shekara tara ina yi, abin da na tara bai rufe gindin kwalbar allura ba. Matata Asabe takan ce da gero nake rairaye mata da ta fi gode mini. Ni kuwa shirun wurin nake so.

A bakin rafin nan wani falke ya same ni, shekarar da ta biyo bayan babban fari. Ana kiransa Alhaji Mai Lema, na kuma taɓa ganinsa a karar shanu ta Rogo. Ya tsaya ya daɗe yana kallon hannuna. Ya ce a ƙasar Nijar, gaba da Yamai, akwai kogin da zinariya ta fito, mutane suna ta haƙa amma ba su iya wanki ba, rabinta ruwa ke tafiya da ita. Ya tambaye ni ko ina jin Fulatanci. Na ce mahaifiyata Bafulatanar Gwangwan ce, da shi na buɗe baki. Ya yi murmushi ya ce to ni yake nema. Wata biyu kawai, in dawo kafin shuka. A lokacin mutane sayar da kekunansu suke yi su sayi hatsi, wa zai kawo gyara? Na bi shi.

A Illela na fara sanin na bar gida. Iyaka a rufe take a shekarun nan, don haka muka sauka nesa da shinge, muka bi masu jakai ta cikin gonaki tun hantsi har la'asar. Da muka shiga Birnin Ƙwanni sai Alhaji ya zama wani mutum dabam. A hanya kwano ɗaya muke ci, yana ce mini Malam Haladu. Daga nan na koma "kai". Ya shiga gaban babbar mota kusa da direba, ni aka ɗora ni a kan buhunan albasa. A wani shinge masu kaki suka sauko da duk wanda ba shi da takarda, suka zaunar da mu a rana. Alhaji ya je ya yi magana da su, ya dawo ya ce in kwance agogona. Surukina ne ya ba ni shi ranar ɗaurin aurenmu. Na kwance, aka sake mu.

Zazzaɓi ya kama ni kafin Dosso. Motar ta tsaya gyaran taya, na rarrafa gindin wata bishiya na kwanta ina rawar ɗari a tsakiyar rana. Wata Bazabarma mai sayar da kwaɗon zogale ta bar farantinta ta zo. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu. Ta jiƙa gefen mayafinta ta ɗora mini a goshi, ta kawo wani jiƙo mai ɗaci ta tallafe kaina har na shanye. Da motar za ta tashi ta ƙunsa mini zogalen a takarda ta cusa mini a aljihu. Na yi ta yi mata godiya da Hausa, tana amsawa da nata.

Kwana uku muka yi a Yamai, a wani zangon fatake. Kullum Alhaji ya fita ya bar ni ina gadin jakarsa. Ranar ƙarshe ya tafi da ni kasuwa in riƙe masa kaya, na ga ya tsaya a rumfar maƙeran fari ya sayi wani tsohon ɗan kunne na zinariya, guda ɗaya, ba ɗan'uwansa. Ya ce tsarabar uwargida ce. Na yi mamakin tsarabar ɗan kunne ɗaya. A bakin zangon akwai wani mai shayi mutumin Gwarzo. Da ya ji harshena ya ƙi karɓar komai a hannuna. Muka yi ta lissafa garuruwa, Getso, Kutama, Karaye, kamar masu wuridi, har idona ya cika. Ya tambaye ni wa na sani a inda za mu. Na ce Alhaji. Ya tambaye ni wa ya san Alhajin. 

Muka ƙetare kogin Kwara a jirgin fito, muka shiga ƙasar da ban taɓa ganin irinta ba, ja wur, ba ciyawa, ƙasusuwan dabbobi a gefen hanya. A bakin kogin Sirba muka wuce sansanin masu haƙa. Ramuka kamar gidan gara, mutane fari fat da ƙura, mata suna daka duwatsu a turmin ƙarfe. Na zaci a nan za mu tsaya. Alhaji ya ce nan wurin talakawa ne. Muka ƙara tafiyar yini guda a ƙasa, har wata ruga a bakin wani reshe na kogin, inda ruwa ya ƙafe sai 'yan kududdufai.

Mai rugar wani tsoho ne, Bappa Hammadi. Kafin fari garke uku gare shi, yanzu shanu goma sha ɗaya suka rage, su ma haƙarƙarinsu a waje. Yana tare da ɗansa guda ɗaya, Buraima, da matar ɗan, Dija, mai goyon 'yar jaririya, sai 'yan'uwansa a bukkokin da ke kewaye. Fulatancinsu ya bambanta da namu, amma muna fahimtar juna. Da tsohon ya ji na gaishe shi da harshensa, ya kama hannuna bai saki ba. Ya tambayi asalin mahaifiyata, ya ce ashe ɗan 'yar'uwarsa ne ya zo daga gabas. Ya sa Dija ta kawo nono. Ɗan kaɗan ne a gindin ƙwarya, daga baya na gane shi ke nan abin da aka tatsa a ranar.

Alhaji ya riga ya san su, ya taɓa sayen shanu a hannunsu. Abin da ya kawo musu shi ne, akwai zinariya a ƙarƙashin rafinsu, ya kuma zo da gwani daga Kano ya nuna musu. Idan ta tabbata, su ba da shanu, shi ya kai kasuwa ya sayo injin jan ruwa da kayan haƙa da hatsi, ya karɓo takardar izini, a raba abin da aka samu. Ni nake fassara masa. Na faɗa da zuciya ɗaya, don a lokacin ni ma na yarda.

Kwana biyu ina rairaya, sama da ƙasa. Baƙin yashi ne kawai, sai ɗigo ɗaya da bai kai na rafin Kafin Dafga ba. Na gaya wa Alhaji gaskiya. Ya ce ban san wuri ba ne. Rana ta uku bayan sallar asuba ya ɗauki buta ya yi gabas shi kaɗai. Da hantsi ya tara mutanen rugar, ya kai mu wata kwana da ruwa ya ci gindin gaɓa, ƙarƙashin wata kanya, ya nuna da lemarsa ya ce in ɗiba a nan.

Na ɗiba, na tsuguna, na juya. Tun kafin baƙin yashi ya gama tafiya na ga rawaya ta kwanta a gindin akushi, abin da ban tara a shekara tara ba. Mata suka fara salati. Buraima ya durƙusa kusa da ni yana dariya. Ni kuwa na kawo akushin kusa da idona. Zinariyar rafi ruwa ya gama goge ta, sumul take, a lanƙwashe kamar ƙwayar riɗi da aka danne. Wannan kuwa da kaifi take, tsinke-tsinke, duk girmansu ɗaya. Mai gyaran keke ya san garin ƙarfe idan magagari ya ci shi. Na tuna ɗan kunnen Yamai.

Bappa Hammadi ya sunkuyo, ya dafa sandarsa.

"Ɗan 'yar'uwa, kai ne mai ido. Ta gaskiya ce?"

Na ji hannun Alhaji a kafaɗata. Bai matsa ba, ya dai ajiye shi. Na duba mutanen da suka kewaye mu, kowane namiji da sanda da wuƙa. Na tuna ba ni da takarda, ba ni da guzuri, ban san hanyar komawa ko bakin jirgin fito ba.

"Zinariya ce, Bappa," na ce.

Ba ƙarya na yi ba, haka na yi ta gaya wa kaina. Amma ba abin da ya tambaye ni ke nan ba.

Da rana na tare Alhaji a bayan bukkoki na ce na san abin da ya yi. Bai ko musa ba. Ya ce in je in faɗa musu, amma in tuna a hannun wa ta fito, da bakin wa aka yi cinikin. Sannan ya sassauta murya ya ce ai ƙasar nan duk zinariya ce, ya ɗan taimaka mata ne kawai don tsohon ya saki jiki, idan inji ya zo aka yi zurfi za a same ta da gaske. Na kama wannan maganar na riƙe, don ita ce mai sauƙi.

Washegari Alhaji ya kora shanu tara. Ya ce kwana goma zai yi, ga ni mutuminsa ya bar musu jingina. Dija ta tsaya a bakin shinge da goyonta tana kiran kowace saniya da sunanta, suna waiwayowa. Ko a lokacin da na buɗe baki da an tsayar da su. Ina tsaye ina kallo har ƙurarsu ta kwanta.

Buraima bai iya jiran inji ba. Ya ɗauki magirbi da ƙwarya ya fara haƙa a gindin kanyar. Mutum ne mai fara'a, ɗan siriri, yana waƙar kiwo a cikin rami. Shi ya haƙo, ni in kai bakin kududdufi in rairaye. Kwana biyun farko an ga ragowar abin da Alhaji ya zuba. Daga nan shiru. Kullum da yamma ya leƙa akushi ya ce ta yi ƙasa ne, gobe za mu cim mata. In ce Allah ya sa. Kwana goma suka wuce, ashirin suka wuce. Aka aika mutum kasuwar da Alhaji ya ambata, ya dawo ya ce an ga shanun, an ɗora su a mota tun ranar da suka isa. Maimakon wannan ya tsayar da Buraima, sai ya ƙara masa ƙaimi. Ya ce shanu sun tafi, abin da ya rage musu yana ƙarƙashin ƙasar nan.

Ramin ya kai gaba uku, ya fara karkata ya shiga ƙarƙashin gaɓa. Na san ƙasar rairayi ba ta riƙe kanta, kawuna ya sha ba ni labarin ramukan kuza. Na ce masa a tokare da itace. Ya ce ina itacen? Gaskiyarsa, ko girki da kashin shanu ake yi. Abin da ya kamata in ce shi ne babu komai a ƙasan, ya fito. Na yi niyya sau da yawa. Kullum sai in ce gobe.

Ranar wata Laraba da hantsi ina bakin ruwa na ji wani sauti a bayana, ba mai ƙarfi ba, kamar an sauke buhu daga kan jaki. Na waiwaya, gaɓar ta zauna, ƙura tana tashi a hankali. Waƙar ta tsaya. Muka yi ta tono da hannu, da ƙore, da akushina, maza da mata. Muna kwashewa rairayi yana komawa. Sai bayan azahar muka kai gare shi. A durƙushe yake, ƙwaryar tana hannunsa cike da ƙasar da zai miƙo mini. Ni da mahaifinsa muka yi masa wanka. Tsohon da yatsansa ya riƙa fito da rairayi daga bakin ɗansa, bai yi kuka ba.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa, na tashi a gaban mutane na faɗi komai. Ɗan kunnen, butar asuba, garin magagari, da abin da na gani tun akushin farko. Ba jaruntaka ba ce. Na kasa haɗiye abinci ne, na ga mutuwa ta fi mini sauƙi.

Wani ƙanen tsohon ya taso da sanda. Na kare da hannu, yatsuna biyu na dama suka karye. Bugu na biyu ya same ni a ƙeya na faɗi. Ina jin ana cewa a kai ni ramin a rufe. Sai na ji muryar Bappa Hammadi, ba da ƙarfi ba, yana cewa wanda ya ƙara taɓa ni ya taɓa shi, baƙonsa ne, ya sha nonon gidansa. Suka watse suna zagi. Ya zauna kusa da ni, ya sa aka kawo kara da tsumma, shi da kansa ya ɗaure mini yatsun.

"Na ga fuskarka a ranar," ya ce. "Na san ka ga wani abu. Da na sake tambayarka da ka faɗa. Ban so in sake tambaya ba."

Bai ce ya yafe ba, bai ce in tafi ba, bai ce in zauna ba. Na zauna. Ba namiji mai ƙarfi a gidan, 'yan'uwansa kuma kowa ta kansa yake yi. Ni nake ɗebo ruwa, in yi tafiyar rabin yini in sassaɓo ganye wa shanu biyun da suka rage. Da hannuna ya yi dama-dama na koma rairaya, da hagu, can ƙasa inda reshen ya haɗu da babban kogi. A nan akwai ta gaskiya, ɗigo-ɗigo. In tara ta mako guda a cikin bututun gashin ungulu, in kai sansanin masu haƙa a ba ni gero kwano biyu ko uku. Da shi muka rayu. Abin da nake yi a gida don in huta, shi nake yi a nan tun fitowar rana har bayana ya ƙi miƙewa, ina kallon ruwa ina ganin rafin Kafin Dafga, ina tunanin ko Asabe ta sami wanda zai yi mata sharar gona.

Dija ba ta taɓa yi mini magana ba. Takan ajiye mini abinci a bakin bukka ta juya baya. Idan na shigo tsakar rugar, ta ɗauki 'yarta ta shige ciki. Nononta ya ragu, yarinyar tana kuka da wata 'yar murya kamar ta mage. Saniya ɗaya ta kwanta a ƙarshen bazara ba ta tashi ba.

Da aka yi ruwan farko, tsohon ya ce za su tashi su bi dangin Dija zuwa yamma, cikin ƙasar Burkina. Ya ce ni in koma wa iyalina, abin da zan iya na yi. Ya kwatanta mini hanyar jirgin fito, ya ba ni tsohon takalminsa na fata, don nawa ya daɗe da mutuwa. Na roƙe shi gafara. Ya ce tsakaninsa da ni babu komai, amma shi uba ne kawai, akwai wadda aka mayar gwauruwa.

Na same ta tana kwance bukka, tana naɗe tabarmi. Na tsuguna daga nesa, na ce na zo neman yafiya, don Allah, don Annabi. Ta ci gaba da aikinta kamar ba ta ji ba. Na daɗe a tsugune. Can ta shiga cikin kayan ta fito da wani ƙullin tsumma, dunƙulen fura biyu a ciki, daga geron da ya rage musu na tafiya. Ta ajiye a ƙasa tsakaninmu. Karo na farko ke nan da ta dube ni.

"Wannan na hanya ne," ta ce. "Kada ka ɗauka na yafe."

Na ɗauka na tashi.

Mako biyar na yi kafin in ga Karaye. Na yi dako a bakin jirgin fito, na yi a Yamai. Mai shayin Gwarzo ya tashi, wani ne a wurin. A Dosso na nemi mai zogale a gindin bishiyar nan ban gan ta ba. Wani direban babbar mota, mutumin Maraɗi, ya ɗauke ni har Ƙwanni don na gyara masa sarƙar ƙofar baya. Na shigo gari dawa ta kai gwiwa. Wana ya shuka mini gonata, an kuma fara maganar ko za a yi mini sadaka. Na tambayi Alhaji Mai Lema a karar Rogo, aka ce tun bara ba a ƙara ganinsa ba, ba wanda ma ya san garinsu. Yatsuna sun haɗe a karkace, har yau da hagu nake ɗaure sipok ɗin tayar keke.

Duk wanda ya tambaye ni sai in ce ba a dace ba. Haka na gaya wa Asabe ita ma. Sai bayan shekara uku, wata rana muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na ba ta labarin tun daga farko. Ba ta katse ni ba, hannunta bai daina aiki ba. Da na gama na jira ta yi faɗa ko ta ba ni haƙuri. Sai ta tambaye ni sunan yarinyar, ta ce tana so ta riƙa sa ta a addu'a.

Ban san sunanta ba. 'Yar fari ce, uwarta ba ta kiran sunanta saboda kunya, kakanta kuma "ƙaramar" yake ce mata. Wata huɗu na yi ina jin kukanta ta bayan zana, ban taɓa samun fuskar da zan tambaya ba.

Asabe ta ce ba komai, Allah ya san ta. Ta jawo kwandon gyaɗar gabanta.